Ba Hannun Yero Ne Ya Ƙone Jirgin Gubi Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 8 ga watan Afrilu, 2025, da hantsi, Allah ya karɓi ran Yero Badruddeen, mai gyaran wayar mota a unguwar Wunti, bayan ya kwana ɗaya yana fama da ƙunar da ya samu a cikin wani jirgin ruwa a dam ɗin Gubi. Shekarunsa arba'in da huɗu. Ya bar mahaifiyarsa Hajja, da matarsa Hafiza, da 'ya'ya uku. An sallace shi bayan la'asar a Fadaman Mada.

Ni ne Auwalu, abokin aikinsa na shekara goma sha tara a rumfa ɗaya. Ba ni da sabon rubutu, kuma da za a bar ni da son raina, da ban ɗauki biro ba. Amma Yero, yau kwana tara da binne ka, kuma daga Wunti har Ɗan Iya maganar da ake yi ɗaya ce: wai garajenka ne ya tayar da wutar, wai kai ka ƙone jirgin mutane ka ƙone kanka. Ƙarya ce. Ina wurin, na san yadda aka yi, kuma na yi shiru na bar ƙaryar ta yi ƙafa.

Garaje da kai? Kai da masu keke mai ƙafa uku suka laƙaba wa suna Cire-Batir, saboda ko ƙwan sigina za ka canza sai ka fara cire kan batir? Na sha yi maka tsiya a kan wannan. Ina gama mota uku kana kan ɗaya, ina ce maka tsoho mai lissafin shinkafa, kai kuwa sai ka yi murmushi ka ci gaba da naɗe wayarka. Amma motocina uku sukan dawo, taka ɗaya ba ta dawowa.

Ban manta ranar da wani mai keke ya shigo da wayar kekensa a ɗaure da ledar burodi, yana sauri zai kai matarsa awo ba. Ya ce a taɓa masa kawai ya tafi. Ka zare makullin ka jefa a aljihu, ka tsayar da wani keken ka sa matar a ciki, shi kuma ka zaunar da shi a benci yana zage-zage har ka sake wayar gaba ɗaya. Ya tafi bai yi maka sallama ba. A wurin jana'izarka na gan shi cikin masu ɗaukar makara, ya ƙi bari a karɓe shi har maƙabarta.

Kai ne kuma ka fara kawo mana ƙwayayen LED a layinmu, lokacin da sauranmu ke cewa wannan ɗan abin ba zai haska ko akurkin kaji ba. Ka zauna ka karance takardar da ke cikin kwalin, ka koya mana cewa ba sa zafi, ba sa shan batir, amma suna da taurin kai guda: tsohon ƙwai duk yadda ka juya wayarsa zai kama, shi kuwa wannan sai ka san wace waya ce mai wuta, wace ce ba ta da ita. Masallacin gareji har yau hasken da ka sa masa yake amfani da shi.

Wannan sanin ne ya kai mu Gubi. Theophilus, mai sayar da kifi a bayan rumfarmu, ya sayi wani tsohon jirgin ƙarfe mai inji, mai ɗan ɗaki a tsakiya inda ma'aikatansa ke fakewa su ware kifi. Ƙwayaye huɗu ne a rufin ɗakin, irin na da, masu zafi kamar garwashi, suna tsotse batir har injin ya ƙi tashi. Ka ce masa a cire su a sa LED. Daga ni har kai babu wanda ya taɓa aiki a jirgi. Mu mutanen tudu ne, mota muka sani. Bambancinmu shi ne kai ka kwana kana tambaya, ni na kwana ina barci.

A hanya, ranar Litinin ɗin, ka ce mini, "Auwalu, jirgi fa ba mota ba ne. Mota ƙasanta a buɗe yake, warin fetur sai ya bi iska. Jirgi kwano ne, abin a ƙasa yake kwanciya. Yau ba a karta waya."

Na ce, "Na ji, malam."

Ga wanda bai san sana'armu ba: idan muna son gane waya mai wuta, sai mu karta bakinta a jikin ƙarfen mota. In ta yi tartsatsi, ita ce. Haka iyayen gidanmu suka koya mana, haka nake yi sau talatin a yini, hannuna na yi ba sai na yi tunani ba.

Mun isa rana ta fara zafi. Ɗakin jirgin na wari, jarkokin fetur huɗu a jere a ciki, ɗaya tana yoyo. Ka sa aka fitar da su tudu, ka buɗe tagogi biyu, ka je bayan jirgi ka cire kan batir. Ka shiga ka kwance tsofaffin ƙwayayen, ka fara ɗaura sababbi. Sai muka tarar wanda ya yi wayar jirgin tun farko da baƙar waya ya yi komai, babu ja babu shuɗi. Ka ce mu bari sai bayan azahar, in iska ta kwashe warin, mu gwada da fitilar gwaji a tsanake.

Ni kuwa ina da mota tana jirana a gari, kuma zafi ya dame ni. Ka juya mini baya, ka durƙusa a can cikin ɗakin kana ɗaure mazaunin ƙwai na huɗu. Na zagaya na mayar da kan batir. Na dawo bakin ƙofa, na kama wayar da ke reto a wurin, na karta ta a jikin ƙarfen ƙofar.

Ban ji ƙarar ba. Abin da na sani shi ne wani abu ya buge ni a ƙirji, na tsinci kaina cikin ruwa, bakina cike da jini. Da na ɗago, rufin ɗakin ya ɓalle ya karkace, gilasan tagogi sun watse, wuta na fita ta ƙofa tana huci. Sai ga ka ka fito daga cikinta da rarrafe, rigarka na ci, gashin kanka na ci, fatar hannuwanka ta saɓule tana lilo. Ka miƙe, ka yi taku biyu, ka faɗa ruwa. Masunta suka jawo ka tudu, duk inda suka kama a jikinka sai ya biyo hannunsu. Warin nan har yau yana hana ni cin nama.

Da na fito tudu, mutane suka taru a kaina. Wani ya shaƙe mini wuya, wani ya kwaɗa mini itacen tuƙi a kafaɗa, ana ihu ana cewa mun kashe musu abinci. Theophilus ya ratsa su, ya riga ya tuɓe rigarsa ya lulluɓa maka, yana kuka yana cewa, "Auwalu, wa ya taɓa waya? Faɗa mini gaskiya, wa ya taɓa?" Kafin in buɗe baki wani daga baya ya ce, "Ai na cikin ne, shi ke riƙe da waya." Sai hannun da ke wuyana ya sassauta. Na sunkuyar da kai. Wannan sunkuyawar ita ce shaidar zur ɗin da na yi maka, kana kwance taku biyar daga inda nake.

A bayan motar kifin Theophilus muka kai ka asibiti, kanka a cinyata. Sau ɗaya ka buɗe ido. Ka dube ni ka ce, "Kai ba ka ƙone ba?" Na ce a'a. Ka ce, "Alhamdu lillahi." Ban sake jin muryarka ba.

Ranar sadakar uku, a ƙofar gidanka, wani dillalin batir ya ce da ma ya san rawar kanka za ta kai ka wata rana. Ban san lokacin da na tashi ba. Na naushe shi har leɓensa ya tsage, na danne shi a kan tabarmar makoki, sai da mutum huɗu suka ɓamɓare ni. Jama'a suka ce ƙaunar aboki ce, har da masu yaba mini. Na fasa wa bawan Allah baki a kan maganar da ni na sake ta. Ina neman gafararsa a nan.

Jiya na kasa jurewa. Na je gidanka, na durƙusa a gaban Hajja, Hafiza na zaune a gefe cikin takaba, na faɗi komai kamar yadda na rubuta shi a nan. Hafiza ta dube ni har sai da na gwammace a dake ni, ta tashi ta shige ɗaki ta turo ƙofa. Hajja ta daɗe tana jan carbi. Sannan ta ce, "Auwalu, yau ba ni da abin da zan ce maka. Amma ba a tsakar gidan nan aka ɓata sunan abokin naka ba, a kasuwa ne. 'Ya'yansa a garin nan za su girma. Tashi ka je can ka faɗa."

Ga shi na faɗa, Hajja. Na soma azumin kaffara yau, kuma duk abin da shari'a da danginsa suka yanke a kaina, ina nan ba zan gudu ba.

Ya Allah ka jiƙan Yero, ka sanya ƙunar da ya sha ta zama kankarar zunubansa, ka sanyaya masa kabarinsa, ka haskaka shi, ka karɓe shi cikin shahidai. Ina miƙa ta'aziyya ga Hajja, da Hafiza, da 'ya'yansa, da 'yan'uwansa na gari da na ruga, da duk ma'aikatan layinmu. Allah ya ba ku haƙurin da ni ba ni da bakin roƙonsa daga gare ku.

Wanda duk ya karanta wannan, ina roƙonsa abu ɗaya. In ya ji an ce Yero ne ya ƙone jirgin Gubi, ya ce a'a, Yero ya cire kan batir, Auwalu ne ya mayar.