Malam Ɗalha Mai Fenti da Madigadin Ɗana

Kai mai karatu, musamman ke uwa, kada ki ɗauka don ɗanki ya yi gemu kin gama tarbiyya. Ni ma haka na ɗauka.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, 13 ga Agusta, 2025, bayan azahar, Allah ya karɓi ran maƙwabcinmu Malam Ɗalha mai fentin mota a nan Gumel. Da safe yana aiki, da la'asar an binne shi.

Malam Ɗalha, direbobin da ke shiga ƙauyukan Gagarawa da Sule Tankarkar sun fi ni sanin hannunka. Kai ne mai fesa baƙin fentin nan mai kauri da kaushi da ake shafe bayan a-kori-kura da shi. Kai kuma ka koya musu a fesa shi a madigadi, wato murfin da ke saman taya, don kada tsakuwa da ƙaya su cinye shi. Daga ƙofar gidana nakan ga yadda kake yi. Ka kwance su, ka wanke da omo, ka goge da samfefa har sheƙinsu ya mutu, ka fesa sama-sama, ka jira, ka sake, sannan ka rataye su a waya cikin inuwa. Direba in ya matsa maka, sai ka ce, "Alhaji, sulke nake yi maka, ba kwalliya ba. Je ka sha shayi."

Ba ka zubar da ragowar fenti. Da shi ka shafe gindin ƙyauren gidana da tsatsa ta ci bayan rasuwar maigidana. Da na aika da godiya, ka ce ai ƙyauren ne ya roƙe ka.

Aikinka na ƙarshe na ɗana ne, Sha'aibu, mai jigilar 'yan kasuwa a Hilux zuwa Maigatari. Ka fesa madigadinsa da safiyar ranar. Alhamis kasuwa, damina ce, kuma mota ba madigadi taɓo take watsa wa na baya. Wannan shi ne uzurinsa, na kuma faɗe shi don kada in zalunce shi.

An dawo daga maƙabarta, dattawa na zaune kan tabarmi a rumfarka. Sha'aibu ya yi gaisuwa, ya shafa addu'a, sannan ya miƙe ya tsallaka ƙafafun mutane ya sauke madigadinsa daga waya. Ƙaninka Hamma ya ce, "Sha'aibu, yau?" Ya ce, "Baba, gobe kasuwa." Ya fice da su a hammata, mata na leƙe ta zaure. Fentin bai gama bushewa ba, yatsunsa suka zauna a jiki.

Ina cikin gida kusa da matarka Yelwa aka shigo da labarin. Ban san inda zan sa idona ba. Na durƙusa zan ba ta haƙuri, ta riƙe hannuna ta ce, "Yaya, kayansa ne. Da Malam na nan, faɗan da zai yi kawai shi ne bai bari ya bushe ba." Da zagina ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Motar ba ta je Maigatari ba. Na karɓe makulli, na tasa Sha'aibu gaba zuwa rumfar, ya tsuguna gaban Hamma ya nemi gafara a inda ya yi abin. Ya nemi ya kai a sake fesawa a Kano, na hana. Ya yi ta yawo da shatin yatsunsa a jikin madigadin.

Allah ya jiƙanka, Malam Ɗalha, ya yafe kurakuranka, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Yelwa, Hamma, 'yar Malam Rahama da ƙannenta, Allah ya ba ku haƙuri, ya raya abin da ya bari. Ku yafe mana.

Na tara 'ya'yana da surukaina na gaya musu: daga yau, in aka yi rasuwa, ko allura ce tamu a gidan mamaci, ba mai ambatonta, balle ya ɗauka, sai masu gidan sun aiko da kansu.