Matar da ta kai akwatin allura gidan makoki

Kafin masu shara su gama da harabar asibitin unguwarmu, Inna mai allura ta riga ta buɗe firji ta duba sanyinsa, ta jera ƙanƙara a akwatinta mai shuɗin murfi, ta rataya shi a kafaɗar nan da ta daɗe da karkacewa. Haka take yi tun ina budurwa, ga ni yau da jikoki. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, gwiwoyi sun ƙi. Babu wanda ya shirya mata walima, shi ya sa na ce bari ni in faɗi abin da idona ya gani.

Aikinta ba na neman farin jini ba ne. Yara na hango akwatin sai kowa ya yi ta kansa. An rufe mata ƙofa a fuska, an watsa mata ruwan wanke-wanke. Ta kan goge jikinta ta ce, “To, sai wani makon.”

Shekarar da mashaƙo ya shigo mana, makogwaron yara ya riƙa toshewa suna mutuwa a hannun iyayensu. Tela maƙwabcina yana da yara biyu, namiji da ƙanwarsa. Namijin an taɓa yi masa allurar farko yana jariri, ya yi zazzaɓi, tela ya rantse cuta aka ɗura masa. Bai bari an ƙarasa sauran ba, macen kuwa ko ta farko ba ta samu ba. Inna ta yi masa bayani har bakinta ya bushe.

“Ɗan'uwana, jiki yana da masu gadinsa. Allurar nan fuskar ɓarawo take nuna musu tun bai zo ba. Zazzaɓin da ka gani, su ne ke koyon aiki. Amma gani ɗaya ba ya isarsu, sai an maimaita.”

Ya ce ta fitar masa daga shago.

Cutar ta kama yaron, ya rasu. Ina cikin matan da ke zaman makoki sai ga Inna ta yi sallama, akwatin nan a kafaɗa. Wallahi har ni sai da na ji kunya ta kama ni. Wata tsohuwa ta ce, “Baiwar Allah, ko gawar ba ta yi sanyi a ƙasa ba. Ba kya jin nauyin mutane?”

Tela ya shigo daga waje ya tsaya a kanta. “Dariya kika zo yi mini?”

“Ta'aziyya na zo yi, Allah ya ba ku haƙuri,” in ji ta. “Amma yarinyar nan shimfiɗarsu ɗaya da mamacin, kofinsu ɗaya. Cutar ba ta san ana makoki ba. Yau za a yi mata allura, yau za a kai ta asibiti a ba ta magani. Ka zage ni in ka gama.”

Matar tela, wadda tun safe ba a ji muryarta ba, ita ta miƙe. Ta ɗauko 'yar daga bayan ƙyaure, ta zauna a gaban Inna, ta riƙe ta gam. Ba ta ko dubi mijinta ba.

Inna, ke ce kika zaɓi a kira ki marar kunya a kan a sake haƙa wani ƙaramin kabari. Ke ce mai komawa ƙofar da aka kore ki. Yaran da kika tsare ba su san kin tsare su ba, don cutar da ba ta zo ba babu mai tuna ta. Waɗanda ba a bari kika kai gare su ba kuwa, na san har yau kina kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya, kuma abin yana cin ranki.

Yarinyar ta rayu, har ta shiga sakandare. Tela kuwa in ya hango Inna sai ya sunkuyar da kai kan keken ɗinkinsa, bai taɓa gaishe ta ba. Na tambayi Inna ko abin na damunta. Ta ce, “Ki bar shi. In ya gan ni ɗansa yake gani.”

Mun gode, Inna. Allah ya saka miki, ya ba gwiwoyin nan sauƙi. Ku kuma masu jarirai a goye, ku ƙarasa musu allurarsu, kada zazzaɓin kwana ɗaya ya mayar da ku gida. Wanda zai karɓi akwatin nan ya koyi naci irin nata. Daga watan gobe ba ta da ƙafar da za ta biyo ku har gida, ku za ku je da kanku.