Mama Serafina, Mai Baƙaƙen Alpaka

Kafin rana ta leƙo daga bayan dutse, Mama Serafina Apaza ta riga ta zare itacen da ke tare ƙofar shingenta. Ba ta kora alpakarta, dabbobin nan masu gashi dangin raƙumi, da tsawa, 'yar murya kawai take yi musu su biyo ta. Gasasshiyar masara da busasshen dankali a ƙulle cikin mayafi, majajjawa a ƙugu saboda dila, mazari kuwa yana ta juyi a hannunta tun daga gida har fadamar kiwo. Ni da nake saƙa da zarenta tun ina amarya, ban taɓa ganin hannun nan yana hutawa ba.

A ƙauyenmu, can kan tsaunuka sama da garin Macusani, garken kowa fari ne fat. Masu sayen gashi fari suke so don shi ke karɓar kowane rini, sai mutane suka bi duk dabba mai launi suka yi kilishi da ita. Mama Serafina ce kaɗai ta kafe. Nata garken baƙi ne da ja da ruwan toka, kuma ta sha ba'a a kai, musamman daga maƙwabcinta Tayta Nicanor, mutumin da bakinsa ba ya gajiya.

"Serafina, wai garke ne wannan ko ragowar kasuwa?"

"Ka ji da naka, Nicanor. Ranar da ƙanƙara ta rufe tudu, ka zo in ara maka ido ka nemo fararen naka."

Shekarar da aka zaɓi Tayta Nicanor shugaban ƙauye, dole ya sa baƙin poncho, mayafin da ake zura kai ta tsakiyarsa, kamar yadda shugabanni ke yi. Girman kai ya hana shi roƙon baƙin zare, sai matarsa ta tsoma fari a rinin kasuwa. Ana miƙa masa sandar mulki, ruwa ya tsuge. Rini ya bi wuyansa, ya gangara farar rigarsa, har sandar ma ta samu rabonta. Mun yi dariya har da riƙe ciki, kuma kada in yi muku ƙarya, muryar Mama Serafina ta fi ta kowa tashi. Amma washegari da safe sai ga ta da ƙunshin baƙin zare, ta dire a ƙofarsa ta juya. Ni na saƙa masa sabon poncho da shi, har yau shi yake sawa.

Ke ce, Mama, kika riƙe mana baƙin da ba ya zuba. Ke ce mai cusa jaririn alpaka cikin rigarki idan an haife shi ranar da babu rana, ba ki tambayar garken wa ya fito.

Bara gwiwoyinta suka ce sun gaji. 'Yarta Hilaria ta hauro daga birnin Juliaca don ta tafi da ita, ta kuma zo da labarin mahaucin da zai kwashe garken gaba ɗaya. Da na ji, sai na fara lissafin asararmu. In dabbobin nan suka shiga mota, baƙi ya ƙare a kwarinmu ke nan, ni da sauran masaƙa sai dai mu ba jikokinmu labarinsa. Mama Serafina ta ce babu mahaucin da zai taɓa su.

"Mama, wa zai karɓi masu launi? Kowa fari yake so," in ji Hilaria.

"Wa ya ce miki sayarwa zan yi?"

Ranar da muke ɗaura wa dabbobi tuntu a kunne, al'ada ce a ba yaron gida 'yar tamace ya fara garkensa. Mama Serafina ta mayar da ƙauyen duka 'ya'yanta. Gida-gida ta kira, kowa ya ja tasa, da sharaɗin ba za a yanka ta don launinta ba. Aka bar Gawayi, tsohon baƙin namijin nan mai tofa wa kowa yawu. Sai Tayta Nicanor ya matso, hula a hannu.

"Serafina, ba ni shi."

"Kai? Zai ɓata maka farin garke fa."

"Ya ɓata ɗin. Ba ni kawai, kada ki sa in roƙe ki a gaban yara."

Ta miƙa masa igiyar. Gawayi ya yi masa maraba da yawu a goshi.

Daminar bana ta zo da haihuwa. Makon jiya da hantsi muka ga Tayta Nicanor yana haki zuwa kan tudun da waya ke kamawa, yana ihu tun kafin a ɗauka: "Serafina! Farata ta haifi 'yar Gawayi! Baƙa ce wuluk, ko ɗigon fari babu!" Ina tsaye a ƙofata da mazari, sai na ji hawayen daɗi na bin kumatuna.

Mun gode, Mama Serafina. Kin sha dariyarmu shekara da shekaru ba ki riƙe mu a zuci ba, da kika tashi tafiya kuma kika bar mana abin da muka yi miki dariyar a kansa. Ku da kuke karanta wannan, in akwai abin kirkin da kuke riƙo ana muku ba'a, ku yi irin nata, kada ku saki. Ranar Asabar za ta hau motar kasuwa ta zo ganin jaririyar, kuma ta aiko wa Tayta Nicanor kashedi: kada ya kuskura ya ɗaura mata tuntu kafin ta iso.