Kawu Mati da Birkin Jar Motarmu

Na Allah ne mu, kuma wurinsa za mu koma. Ranar Laraba, 9 ga watan Afrilu, 2025, da hantsi, Allah ya karɓi ran kawuna, Malam Mati mai sassaƙar ƙarfe na Ƙofar Kwaya, bayan gajeriyar jinya. An yi masa sutura bayan Azahar.

Kawu, da hawaye na zauna zan rubuta maka, sai ga ni ina murmushi, domin duk inda na juya tunanina jar motar nan nake gani.

Maigidana Sada ya daɗe yana haɗa ta a tsakar gidanmu na Kambarawa. Gangar jikin a kwalaye ta zo, inji na wata mota, fitilu na wata. Kujera biyu gare ta, ba rufi, irin wadda jarumi ke ɗauko masoyiyarsa a ciki a littattafan da nake karantawa. Tuni na shelanta wa ƙawayena cewa a cikinta zan isa bikin ƙanwata Halima. Har jan mayafi na saya.

Birki kaɗai ya rage. Fayafayan birkin da Sada ya samo, ramin tsakiyarsu ya yi wa mazaunin taya kaɗan, shi ne aka kai maka ka buɗa su a injinka. Ranar da ka kawo su ina kan tabarma da littafi a hannu. Ka zura na farko, ya zauna daram. Na biyu ma ya shiga, har Sada ya fara tafi, amma kai ka girgiza shi da hannu, ka juyo gare ni.

"Uwar karatu, ara mini littafin nan naki."

"Kawu, kai ma soyayyar za ka fara?"

"Ni da na raka uwarki ɗakin miji? Farar takardar ƙarshe nike so."

Ka yago siririya, ka gwada ta tsakanin faifai da mazauninsa. A na farko ta ƙi shiga, a na biyu ta wuce sumul. Ka ce mana dole a bar ɗan sarari don faifan ya shiga ya fita ba da guduma ba, amma kada sararin ya kai kaurin takarda. In ya kai, faifan zai zauna a karkace ya riƙa rawa, ranar da aka taka birki da gudu sitiyari ya ƙwace.

"Hannuna ya zarce," ka ce. "Wannan ba ya hawa motar da ɗiyata za ta shiga."

Na roƙe ka, Sada ya roƙe ka. Ka ce sai an kawo wani daga Kano. Haka na tafi kamu a Napep, ƙawaye suna ta tsiya: "Zulaihat, ina jar motar? Ko a shafi na gaba take?"

Sai ranar kai amarya da la'asar na ji odar mota a ƙofar gida. Na fito da gudu. Ga Sada a sitiyari, ga ka a gefensa, ka danne hula da hannu biyu, kana dariya har haƙoranka duk a waje! Sabon faifan ya iso, kun ɗaura. Ashe ƙa'idarka ce, duk birkin da ka yi wa aiki, da kai a cikin motar ake fara taka shi. Kun fita hanyar Jibiya, kana cewa ya ƙara wuta, ya taka, ya sake ƙarawa, ya sake takawa, sai da zuciyarka ta kwanta.

Ka sauko ka riƙe mini ƙofa. "Shiga, ɗiyata. Yanzu tana tsayawa inda aka ce mata."

Wayyo daɗi! Muka ratsa ta Gobarau, iska na kaɗa mayafina, masu shaguna na miƙewa. A ƙofar gidan biki Sada ya taka birki, ta tsaya cak, ko jijjiga ban ji ba. Mata suka ɗau guɗa, har amarya ta leƙo ta taga.

Ya Allah, ka jiƙan Kawu Mati, ka yafe masa, ka yalwata kabarinsa, ka sa duk ran da ya isa gida lafiya ta dalilin aikinsa ya zame masa lada. Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Baraka, da 'ya'yansa Ashraf da Nafisa, da abokan sana'arsa na Ƙofar Kwaya. Allah ya ba mu haƙuri, ya sa mu cika da imani.

Zulaihat, Kambarawa, Katsina