Maganin Inna a Hular Baba Mai Baro

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, uku ga wata, ka kishingiɗa a inuwar shingen iyaka bayan azahar kamar yadda ka saba, Baba Mai Baro, ba ka ƙara tashi ba. Har yau kaina a ɗaure yake.

Kai ne ƙafar Inna. Mahaifiyata 'yar nan ce, aure ya kai ta tsallaken iyaka, hawan jini kuma ya zaunar da ita. Asibitinmu na ba tsofaffi magani kyauta, ni ke karɓo mata, amma tun da aka tsaurara iyaka ba ni da takardar ƙetarawa. Kai ma ba ka da ita, sai dai wa zai tare ka? Jami'an nan sun ɗauka kai mutumin can ne, na can sun ɗauka kai namu ne, kowa na ɗaga maka shinge ka wuce da kayan matan kasuwa. Sai ka cusa maganin cikin hularka, ka tura baronka mai kuka. Ran da na miƙa maka ɗan abin hannuna, dariya ka yi.

"'Yata, baro ake biya wa. Hula ba ta da nauyi."

A wurin jana'izarka muna ta duban hanya, muna jiran danginka daga can. Mutanen can sun iso, su ma suna tambayar inda danginka suke a nan. Ashe kowa ya ɗauka kana da gidan da kake komawa. Shekara da shekaru kana kai mana saƙo, babu wanda ya tambaye ka kai wa kake da shi. Wannan ya fi komai ci mini rai.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka, Ya sa ka ƙetare siraɗi babu mai tsayar da kai. Ta'aziyya kuwa ban san ƙofar da zan kai ta ba. In kana da ɗan'uwa a wani wuri, Allah Ya ba shi haƙuri, mu ma Ya ba mu.

Jiya Inna ta kira ni, ta ce maganinta ya kusa ƙarewa, ko lafiya Mai Baro shiru? Na tuna hawan jininta, na ce mata kana hanya. Maganin yana nan a hannuna, Baba.