Zuwan Inna Barikin Masu Fasa Dutse

Idan ka bar Talata Mafara ka nufi wajen Maradun, akwai inda za ka hango wasu bangaye na bulo a jere cikin sabara, ba rufi ba ƙyaure, awaki na shan inuwa a ciki. Yaran yanzu cewa suke tsohuwar makaranta ce. To, ba makaranta ba ce, gari ne sukutum, kuma na yi shekara uku a cikinsa, layi na huɗu, ɗaki na biyu daga famfo. A can na baro kunnena na hagu, shi ya sa duk mai son magana da ni sai ya zagayo ta dama.

Lokacin da aka zo datse gulbi a Bakolori, aikin ya buƙaci dutse mai yawa, dutse kuwa ba ya zuwa da ƙafarsa. Wani ɗan kwangila ya karɓi aikin fasa wani tsauni da ke can gefe, ya share daji a gindinsa, ya gina wa ma'aikata ɗakuna. Da rani aka fara, kafin a yi shuka har an kunna lantarki. Mu dai Bariki muke ce masa. Gari ne da ba shi da sarki, ba zaure, ba rumbu, ba maƙabarta. Ɗakunan duk iri ɗaya, sai lamba a jikin ƙofa. Akwai layin masu iyali, akwai layin mu gwauraye, inda ko kare ba ya sa ran samun ƙanzo. Mahautan Mafara suna kawo nama kullum da safe, akwai masallaci, akwai coci a can ƙarshen layi, kuma a bakin famfo kana iya jin yare biyar kafin bokitinka ya cika. Na so garin nan, ba zan ɓoye ba. Ni ɗan Morai da bai taɓa kwana ƙarƙashin kwano ba, sai ga ni da ɗaki nawa da makulli a aljihu.

Jiniya ce sarkin garin. Ita ke tashe mu, ita ke sallamar mu, kuma ita ke faɗa wa kowa za a tashi dutse. Sau uku take kuka. A na farko kowa ya ajiye aiki, mata su kwashe yara su shige ɗaki. A na biyu masu jar tuta su tare hanyoyi biyu da ke shiga wurin, ta motoci da ta Bariki. A na uku sai mu kunna.

Aikina ke nan, kunnawa. Bayan an yi babbar fashewa akan bar wasu manyan duwatsu da tifa ba ta iya ɗauka. Su muke hudawa da inji, mu cusa nakiya, mu sa lagwani, mu toshe da laka. Lagwanin yana ci kamar gwargwadon alwala ɗaya a tsanake. Ka kunna na farko, ka bi sauran da sauri, sannan ka ruga ka shige ƙarƙashin wani tsohon bodin tifa da aka kifa mana. Shugabanmu, wanda muke kira heluma, wani dattijo ne Bazamfare da ya yi aikin kuza a Jos tun yana saurayi. Kullum maganarsa ɗaya ce: "Lagwani ba shi jin ban haƙuri. In kak kunna, to ka kunna."

Ni ɗan fari ne. Wanda ya tashi a ƙasarmu ya san abin da hakan ke nufi. Inna ba ta taɓa faɗar sunana ba. Ana yaye ni aka miƙa ni ga kakata, kuma ko da na dawo gida, "kai" nake, ko "yaron ga", ko "wancan". In na shigo ɗaki da mutane sai ta kau da kai. In an yaba ni a gabanta sai ta tashi ta ce tukunya na ƙonewa. Ƙannena tana yi musu wasa, tana kiran su tun daga bakin rijiya, ni kuwa sai dai in tarar an ajiye mini tuwo a rufe, da nama a ɓoye ƙarƙashin miya. Kunya ce, kowa ya sani, kuma har yabon ta ake a kai. Ni ma na sani. Amma sani bai hana abin ya riƙa yi mini ciwo ba, tun ina ƙarami har na yi gemu.

Shekarar da abin ya faru, zaman ƙasar ba daɗi. Manoma daga Birnin Tudu har Dakko sun fusata a kan gonakinsu da aikin ruwa ya bi ta kai, ana ta tare hanya ana hana motoci wucewa. Mu 'yan ƙasa da muke cin abinci a aikin, in mun je gida sai gaisuwa ta yi gajarta. A Bariki aka ba da oda: kada a bar baƙo ya shiga sai ya faɗi sunan wanda ya zo nema an duba a takarda.

Ana cikin haka sai dutse ya danne wa wani direba ƙafa. Kafin labarin ya isa kasuwar Talata ya zama dutse ya kashe mai kunna nakiya, kafin ya isa Morai ya zama ɗan Morai ne. Inna ta ji a gidan suna. An ce har ta taya raba tuwo. Washegari da sassafe ta ɗora ƙwarya a ka, ta ce wa mutanen gida za ta kai dawon fura talla.

Abin da ya gudana a bakin ƙofar Bariki, maigadin ne da kansa ya ba ni labari daga baya, yana ta ba ni haƙuri. Tsohon soja ne mutumin kudu, mai kirki, da Hausarsa ta barikin soja. Ya ce da hantsi wata tsohuwa ta iso, ƙafafunta fari fat da ƙura, ta gaishe shi gaisuwa mai tsawo har ya gaji da amsawa.

"Mama, wane ne kina nema?"

"Wani yaro na, na gidanmu. Cikin masu hwashin dutse shike."

"Yaro ya yi yawa nan. Faɗi suna, ni duba takarda."

"Dogo na, baƙi. Daga Morai."

"Mama, suna."

"Kai ɗan nan, ba ni hwaɗi."

"Ɗan naki ne?"

Ya ce sai ta sunkuyar da kai tana gyara gammo, can ta ce, "Ɗan mutane na."

Da a ce Bahaushe ta tarar, ko wata daga matan layin iyali, da nan take an gane, an yi dariya, an ce a kira mata ɗan farinta. Shi kuwa sai ya ga mace ta zo neman mutum ta ƙi faɗar sunansa, a irin wannan lokaci. Ya ɗauka an aiko ta leƙen asiri ne. Ya ce ta koma. Ba ta yi gardama ba, ta yi masa sai an jima, ta juya.

Ba gida ta nufa ba. Bayan tsaunin akwai wani tsohon burtali da shanu suka daina bi tun da aka fara fashe-fashe. An toshe shi da ƙaya, amma masu itace sun buɗe ɗan wuri, kuma ba a sa mai tuta a can domin kowa a yankin ya san jiniya. Inna ba ta san ta ba. Ta ji kuka na farko tana cikin ƙaya, ta ji na biyu tana hawa, ta ɗauka wata motar aiki ce.

Ranar duwatsu tara muka cusa wa nakiya, a jere daga gabas zuwa yamma. Jiniya ta yi na uku, heluma ya ɗaga hannu daga bakin bodin tifa, na kunna. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, lagwani na tartsatsi a bayana. Da na gama na taran sai na miƙe zan ruga, idona ya faɗa kan bakin burtali.

Mace ce da ƙwarya a ka, tana gangarowa a hankali tana zaɓen inda za ta taka. Ban ga fuskarta ba tukuna, tafiyar na gane. Ba ta fi taku arba'in da dutse na farko ba, wanda na fara kunnawa, kuma hanyar da take bi ta gindinsa za ta wuce.

"Inna!" na ƙwala. "Inna, koma! Koma baya!"

Ta tsaya. Ta ɗago ta gan ni, tsaye da ƙafafuna, da rai. Na ga kafaɗunta sun sauka. Sannan ta hango mutane cunkushe ƙarƙashin bodin tifa duk sun zuba mata ido, sai ta yi abin da ta saba yi shekara ashirin da biyar. Ta kau da kai, kamar ba da ita nake ba, ta gyara ƙwaryarta, ta ci gaba da tahowa a natse. A ganinta ai ba za ta tsaya ɗan fari na yi mata ihu gaban maza ta amsa ba.

Heluma na ta kururuwa, "Tsohuwa, wuta! Nakiya ta! Kwanta ƙasa!" Sauran ma suka ɗauka, hayaniyar ta haɗu ta zama ba a jin komai. Wani ya yunƙuro zai fito, heluma ya fizge shi. Ina jin sa yana kira na, "Kai, taho nan! Ba ka isa, lokaci ya ƙare!"

Ni ma na san lissafin. Alwalar ta kai wankin ƙafa. Tsakanina da bodin tifa taku ashirin ne, tsakanina da Inna ya fi sittin, kuma dole in bi ta gaban duk duwatsun da na kunna da hannuna. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. Haushinta kuma ya cika ni, wallahi haushi, na ce a raina yau kunyar nan za ta kashe mu duka biyu. Ban san lokacin da na yar da ashana na zura ba.

Ina gudu ina jin warin lagwani. Da ta ga na nufo ta gadan-gadan sai ta ja da baya, ta ɗaure fuska, ta ce, "Kai, mi na haka? Ba ka da hankali?" Tun da aka yaye ni hannuna bai taɓa jikinta ba. Na rungume ta na ɗaga ta cak, ashe ba ta da nauyi ko kaɗan, na yi taku huɗu ko biyar zuwa wani kwazazzabo da ruwa ya haƙa, na jefa mu ciki na kifa a kanta.

Na farkon ya tashi. Ban ji shi a kunne ba, a ƙirji na ji shi. Ƙasa ta ɗaga mu ta ajiye, tsakuwa ta zubo mana kamar ana sheƙa gero. Na biyu, na uku. Ina ƙirgawa, domin mai kunnawa ba ya ɗaga kai sai ya cika lissafinsa. A na biyar wani abu ya doke ni a bayan kunnen hagu, daga nan lissafin ya ɓace mini.

Da na buɗe ido ina kwance rigingine, ƙura ta rufe rana. Duniya ta yi tsit, sai wani siririn kuka a cikin kaina. Inna na durƙushe a kaina, ba ɗankwali, ta riƙe fuskata da hannu biyu tana girgiza ni. Bakinta na buɗewa yana rufewa, jijiyoyin wuyanta sun tashi. Na zuba wa bakin ido ina mamaki, ban taɓa ganin ta buɗe shi haka ba. Ba na jin komai.

Ƙwaryar ta fashe, dawo ya watse cikin tsakuwa. Ƙarƙashin dawon ashe akwai farin alawayyo a ninke, wanda duk gidanmu an san ta ajiye shi a ƙasan adaka don likkafaninta. Shi ta ɗauko mini, tun da an ce mata na mutu. Da shi heluma ya yaga ya ɗaure mini kai.

Kwana shida na yi a asibiti kafin kunnen dama ya buɗe. Heluma ya zo duba ni, ya zauna ya gama faɗansa, ya ce ni mahaukaci ne ɗan mahaukaciya. Sannan ya ce, "Ashe ɗan hwari kake." Na ce yaya aka yi ya sani. Ya ce ai da ƙura ta lafa suka rugo, tun daga nesa suke jin ta tana kiran sunana, ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba, har tsauni na amsawa. Ya ce suna isowa na motsa, ta ga ina numfashi, sai ta saki fuskata, ta lalubo ɗankwalinta ta ɗaura, ta koma gefe ta ce musu, "Ku duba yaron ga, kamar ya ji ciwo."

Na ce ya faɗa mini yadda ta faɗi sunan nawa. Ya faɗa, da muryarsa ta tsohon mai shan taba. Na ce ya bari.

Da aka gama madatsar, aikin dutse ya ƙare. Aka kwance janareta aka tafi da shi, famfo ya ƙafe, mutane suka watse kamar an tashi kasuwa. Kwanon rufi ya bi dare ya bi rana har ya ƙare. Na koma Morai na kama noman rani a bakin kanal. Inna ta ƙara shekara goma sha tara a duniya, ba ta taɓa tayar da zancen ranar ba, ni ma ban tayar ba. Sai dai tun daga lokacin, duk inda za mu zauna nakan zagaya in ba ta kunnen dama.

A ciwonta na ƙarshe ni ke jinyarta. Wata ranar Laraba bayan la'asar, ba kowa a ɗakin sai ni da ita, ta buɗe ido ta daɗe tana kallona, leɓɓanta suka motsa. Na yi maza na sunkuya, na kai kunnen kirkin dab da bakinta, na riƙe numfashi.

Ta ce, "Kai, yaron ga. Ka ci abinci?"