Na Je Ganin Injin da Ke Nome Garka da Hasken Rana

Daga gida zuwa Tasawa

Ƙarfe biyar da kwata, bayan sallar asuba, na hau bayan babur ɗin kabu-kabu daga ƙauyenmu da ke gefen Hawandawaki. Ƙungiyarmu ta masu garka ce ta aike ni, don ni ne tsohon mushen lakwal, wato malamin makaranta, ni ke jin Faransanci. Duk tsofaffi muka rage. Samarinmu sun tafi haƙar zinari arewa. Shekara uku ke nan jiji, ciyawar nan mai ƴaƴa a ƙarƙashin ƙasa, yana cinye mana albasa. Ka nome yau, jibi ya tsiro. Da muka ji a rediyo cewa wani furoje, shirin taimakon manoma, ya kawo injin da ke noma shi kaɗai da hasken rana can wajen El Alasan Mairairai, sai Inna Hajo, shugabarmu, ta ce in je in gano ko za a ara mana. Ta ƙulle mini jiji da saiwarsa a leda, in nuna wa masu injin.

Sau biyu muka sauka muka tura babur cikin rairayi. Ƙarfe takwas saura muka shiga tashar Tasawa, na sha shayi da burodi.

Urafan

Motar Urafan, inda ake bi a kai El Alasan Mairairai, ba ta cika ba sai sha ɗaya. Buɗaɗɗiya ce, an ɗora mu bisa buhunan wake. A shingen jandarma aka duba katin ɗan ƙasa, muka wuce. Direba ya ga ledata ya ce, "Baba, magani ne wanga?"

Na ce, "Ciwon ne da kansa."

Biyu da rabi muka isa. Babu abin hawa zuwa yamma, inda garkar furojen take, sai gobe, don haka na sauka gidan Malam Idi, wanda muka taɓa koyarwa tare. Iyalinsa ta kawo tuwon hatsi da miyar kuka. Da na gaya masa abin da ke tafe da ni, sai ya ce, "Allah shi sa a dace."

Garkar furoje

Washegari ƙarfe bakwai na samu mai babur. Tara da minti ashirin muka tsaya bakin wata garka mai shingen waya, da foraji, wato rijiyar burtsatse, da tankin ruwa a tsakiya. Mai gadi, wani dattijon Bafillace mai suna Jibo, ya shigar da ni.

Na gan shi da idona. Girmansa kamar amalanke, rufinsa fanno mai sheƙi mai kama hasken rana, ƙafa huɗu, babu mai ja, babu mai turawa. Yana tafiya a hankali bisa layin albasa, ƙananan wuƙaƙe a cikinsa suna shiga tsakanin shuka suna fita, ba su taɓa ko ganye ɗaya. Ko ƙara ba ya yi. Na bi shi har ƙarshen layi, ya juya da kansa. Wallahi sai da hawaye suka zo mini. Na tuna mutanenmu a duƙe tun hantsi, wasu da rarrafe suke noma saboda gwiwa.

Mai kula da shi wata matashiya ce, Madam Rabi. Ta gaishe ni da ladabi, na kwance leda na miƙa mata. Ta juya ƴaƴan jijin a tafin hannunta.

"Baba, ba zan ɓoye maka ba. Sama kawai yake yankewa. Wanga da ke ƙasa, bai kai wurinshi."

"To ko saman ne, ɗiyata, in kullum zai yanke ai mun huta."

Ta tambayi yadda garkarmu take. Na ce fangali ne ƙanana masu kunya kewaye, muna ban ruwa da guga daga rijiya. Ta girgiza kai. Ta ce injin shi ke shuka irin da kansa, ya riƙe wurin kowace ƙwaya, shi ya sa yake gane shuka da ciyawa. Yana son fili shimfiɗaɗɗe da dogon layi. A fangalinmu ko taku ɗaya ba zai yi ba.

Na ce, "Sai mu rushe fangalin, mu baje."

Ta ce, "Gwaji ne aka kawo shi, Baba. An ƙare. Ƙarshen wata za a kwance shi a mayar."

Na roƙe ta ta rubuta sunan ƙauyenmu, ta rubuta. Daga yadda ta ninke takardar na san don ganin furfurata ta yi.

Jibo ya ba ni fura da nono a ƙofa. Ya ce shi ma bai san inda zai nufa ba in an rufe garkar.

Komowa

Na sake kwana Urafan, na kama motar safe zuwa Tasawa. La'asar sakaliya kabu-kabu ya aje ni bakin garkarmu, ban ko biya gida ba. Na tarar da su zaune a inuwar darbejiya suna jirana. Na faɗa musu duka, ban rage komai ba.

Inna Hajo ta ce, "Amma ka gan shi shina noma, Mushe?"

"Na gani, Inna."

"To, akwai shi ke nan. Ba namu ba ne kawai."

Ta dafa ƙasa ta miƙe, ta nufi ɓangarenta, ta janye ƙayar da ke toshe ƙofa, ta ce a bar awaki su shiga su cinye, ita ta haƙura da garka. Ba wanda ya hana ta. Kafin magariba mutum biyu sun yi yadda ta yi.

Na gode wa Allah da ya maido ni lafiya, na gode wa Malam Idi da Jibo da suka ciyar da ni, da Madam Rabi da ba ta yi mini ƙarya ba. Nawa fangalin ban buɗe ba tukuna. Gobe da safe zan ɗauki hauya, iyakar inda bayana ya kai.